Danjar Asabar

Ranar Asabar danja ta ba masu ƙafa hannu da kanta, amma tsohon da ke tsaye da matarsa a bakin titi bai motsa ba.

Shi ya jagoranci ƙungiyar Yahudawan unguwarsu a Melbourne, suka yi ta sintiri majalisar gari har aka gyara danjar ta riƙa ba masu ƙafa hannu ba sai an danna maɓalli ba, tunda addininsu ya hana su danna maɓallin lantarki ranar Asabar.

"Maigida, abin da ka yi ta rigima a kai ke nan. Mu tsallaka mana!" in ji matarsa.

"Ɗan dakata."

Sai ga maƙwabcinsu, wani Bagirke mai sayar da kifi, ya fito daga shagonsa yana goge hannu.

"Tsoho, ai na ɗauka ka sallame ni!"

Ya danna musu maɓallin, yadda ya saba kowace Asabar shekara da shekaru. Sannan tsohon ya tsallaka.