Ba a Busa Masa Ƙaho Ba

Igwa ta yi ƙara a filin garin Greensboro, can ƙasar waje, wani tsoho ya zube rungume da Baibul ɗin kakan kakansa, wanda ya sare dajin nan, ya kafa coci, ya sha harsashi a yaƙi.

Maƙwabciyarsa, wadda ta baro Jos bara, ta tsallake igiyar 'yan kallo. Ta yage mayafinta, tana laluben jini a ƙirjinsa.

"Mama, wasan kwaikwayon yaƙi ne," in ji 'yarta. "Tunawa da kakan kakansa suke yi."

Aka busa ƙaho. Gawarwaki suka miƙe suna karkaɗe ciyawa, har da tsohon.

Ita dai uwar tana durƙushe. Haka mijinta ya faɗi a ƙofar gida a Jos, da saran adda a wuya, kuma har yau ba a busa masa ƙaho ba.