Injin da Ya Ci Hunturu Biyar

Arkadi Lukich ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu yana gyara hula, shugabar ma'aikatarsu Zoya Markovna na biye da shi. Yau za ta gani da idonta ta yanke hukunci: ko a ƙera irin injinsa guda arba'in, ko a sallame shi ya je ya yi noman kabeji.

Shekara biyar ke nan da ya kafa injin a wannan gaɓar teku mai ƙanƙara, yana ba tashar rediyo wuta, babu mai gadi babu mai gyara. Na abokan aikinsa duk sun sheƙa barzahu a hunturun farko. Nasa ko tari bai yi ba, kuma duk wanda ya zauna shan shayi da shi sai ya sha labarin.

Akwai dai ɗan abin da ke masa ƙaiƙayi. Da zarar ƙanƙara ta narke, tashar kan yi shiru da safe, ta farfaɗo da azahar. Ya cika shafi sittin yana ɗora laifin a kan sararin sama. Man da ya kamata ya ƙare bara kuwa bai ƙare ba, wannan ya kira shi gwaninta.

Tun daga nesa suka jiyo ƙara.

"Arkadi Lukich, ba kai ka ce ba ya motsin kirki ba, balle ƙara?"

"Sanyi ne, Zoya Markovna. Ƙarfe ma yana mura."



A ƙofar tashar suka tarar da wata tsohuwa daga makiyayan yankin tana feɗe kifi. Ta dube su sama da ƙasa.

"Ku ne masu injin nan?"

"Ni na ƙera shi da hannuna, Iya," in ji Arkadi, yana satar kallon shugaba.

"Hannunka ya yi albarka, ɗana. Shekara biyar bai taɓa ba ni kunya ba, komai haukan igiyar ruwa."

Arkadi ya kumbura, ya tura ƙofa. Hayaƙi da ƙarnin kifi suka tarye shi, ga wani baƙon inji yana ruri a gurbin nasa.

"Wannan na kwalekwalena ne, sai in zan fita kamun kifi da safe nake cire shi," in ji tsohuwar. "Da tashar nan nake jin muryar 'yata, shi ya sa na jona shi lokacin da naka ya mutu a makon farko. Naka yana can ƙarƙashin ruwa, shi ne angata, nauyin da ke tsayar min da kwalekwale."