Asabar Huɗu a Teburin Malam Sirajo

Malam Sirajo ya ɗaga ɗan ma'aikacinsa na katako, ya riƙe shi a sama kamar mai zurfin tunani, sannan ya dire shi a gonar da ya san ba komai cikinta. Auwalu ya yi wuf ya cafke gurbin haikalin rana. Tsohon ya dafe kai ya ce, "Kash, ban gan shi ba!" Ƙarya yake yi. Tun zagaye biyu da suka wuce ya hango gurbin.

Wasan na allo ne, 'yarsa Umaima ce ta kawo shi. An zana dutsen mutanen Inka na Kudancin Amurka, da gonaki hawa-hawa kamar matattakala, da wata dabba mai kama da raƙumi marar tozo. Kowa yana da ma'aikata biyar. In juyi ya zo kanka, sai ka tura ɗaya noman masara, ko gina hanya, ko hidimar haikali, kuma gurbin da ka riga shiga ya haramta ga saura. Mutumin da ya tashi yana lallasa dattawan Gusau a dara, ya kuma shekara talatin yana fassara labarai a gidan rediyo, ai wannan ba abin da zai ɗaure masa kai ba ne.

Shi ya sa ranar farko ya yi musu kaca-kaca, yana dariya har da tafi. Auwalu, ɗansa na fari, injiniya mai furfura a gemu, ya suri makullin mota ya fice. Aka yi Asabar uku ba wanda ya leƙo gidansa da ke garin Woodbridge a Amurka. Tun rasuwar matarsa Hamida gidan ya yi masa girma, ba ya jin motsin kowa sai gurnanin firji, kuma kaɗaici yana cinsa ba kaɗan ba. Ya yanke shawara: in dai cin wasa ne zai kore masa 'ya'ya, to ya yafe cin wasa har abada.

Da suka dawo, sun zo da baƙuwa, Edna, wai ƙawar Umaima ce, likita. Ta ce ba ta iya wasan ba, amma za ta riƙa rubuta musu maki.

Nan fa Malam Sirajo ya baje basirarsa. Ya sake tambayar ƙa'idar da aka gama yi masa bayani. Ya motsa ma'aikacin Umaima a madadin nasa. Ya bar mutanensa da yunwa alhali rumbunsa cike da masara. Faɗuwa da gangan ma sai gwani, kuma a ransa yana yaba wa kansa. Duk kwaɓar da ya yi, Auwalu sai ya dubi baƙuwar ya ce da Turanci, "Kin gani ko?" Tsohon ya bar yaro ya yi fankamarsa. Yanzu ai har da wuri suke zuwa, Auwalu ma yakan zaga gidan sama da ƙasa yana cewa benen nan ya yi wa Baba tsawo.

Edna mace ce mai fara'a da yawan tambaya. Wata Asabar ta ce, "Yau nawa ga wata ma?" Ya ce sha huɗu ga Rajab, don daga sallar azahar ya taso. Ta yi murmushi ta rubuta makinta.

A Asabar ta huɗu ce ta yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa. Ta nuna Auwalu da biro ta ce, "Wannan da ke cinye ka kullum, ya sunansa?"

Kunya ta lulluɓe shi. Shekara arba'in da shida bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba. Haka ya tarar a gidansu: mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, balle a gaban baƙuwa. "Wancan" yake cewa, ko "yayan Umaima". Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta maimaita. Ta sake maimaitawa a hankali. Umaima ta tashi ta shige kicin. Ya saci kallon Auwalu ko zai yi mata bayani, tunda yaron sai da ya shekara sha biyar a Gusau kafin su taso, amma Auwalu yana ta jera masarar katako, bai ko ɗago ba. Daɗi ya kama tsohon. Ashe yaron ma kunya yake ji, Amurka ba ta lalata masa shi ba.

Ran nan da za su tafi, Auwalu ya riƙe masa hannu da hannu biyu ya ce, "Baba, ka huta sosai." Tsohon ya tsaya a ƙofa yana sa musu albarka har motar ta sha kwana.

Asabar ta gaba tun hantsi ya shimfiɗa allon, ya jera wa kowa ma'aikatansa, ya dafa shayi mai kanumfari. Ƙararrawa ta kaɗa. Ya buɗe ƙofa da fara'arsa, sai ya ga wani baƙon mutum, wanda ya tambayi sunansa, ya miƙa masa ambulan ya juya.

Takardar kotu ce. 'Ya'yansa biyu suna roƙon a danƙa musu iko da shi da gidansa, a kai shi gidan kula da tsofaffi. Ya zauna a bakin teburin ya buɗe shafi na biyu. Rahoton Dakta Edna ne, wadda ta ce ta duba majinyacin sau huɗu a gidansa: ba ya riƙe ƙa'idar wasa mai sauƙi, bai san kwanan wata ba, kuma sau uku aka tambaye shi sunan ɗansa na fari ya kasa faɗa, abin da ɗan ya rantse wa kotu cewa bai taɓa faruwa ba sai bana.