Akurkin Tsohuwa Bok-rye

Tsohuwa Bok-rye ta buga ƙusar ƙarshe a akurkinta. Ragar ƙarfe har cikin ƙasa, rufin kwanon da ko guguwar teku ba ta ɗagawa, ga ƙaton kwaɗo a ƙofa.

Maƙwabcinta Deok-su ya leƙo ta katanga. "Yaya, duk don muzuru? Ai sun ƙare a ƙauyen nan."

"Nawa yana nan. Kaji huɗu ya cinye min a watan nan."

Sai ga mota ta tsaya. Mijin 'yarta ya fito yana shafa tumbi, don ya san al'ada: suruki ba ya zuwa a ƙi yanka masa kaza.

Bok-rye ta wurga mabuɗin cikin gonar shinkafa, ta washe baki.

"Maraba da surukina! Yau kabeji za mu ci."