Ummata Shuku Take Yi Mini

Bayan haɗarin mota ya cinye iyayena a hanyar Ɓaɓura, aka kai ni gidan marayu a Kazaure, na daina magana. Masu girki suka ce iska ce ta taɓa ni. Inna Talatu, mai kula da ɗakinmu, ta ce, "Ba iska ba ce, baƙin ciki ne, shi ma jinya yake so."

Wata Juma'a da la'asar ta zaunar da ni a gabanta za ta yi mini kitso. Ba ta tambaye ni komai ba. Tana buɗe gwangwanin man kaɗe, ƙanshin hannun mahaifiyata ya cika mini hanci. Ta tsaga gashin za ta fara kalaba, sai na riƙe hannunta.

Murya a dishe na ce, "Ummata shuku take yi mini."

Inna ta rangaɗa guɗa har masu girki suka fito a guje. Sannan ta ce, "To 'yata, faɗa mini yadda take yi." Na yi ta faɗa ina kuka har magariba.

Yau ni ce mai zama da yaran da suka yi shiru, kuma tsinken kitso ba ya barin jakata.