Allurar Baƙin Mai Ta Faɗi

Allurar agogon baƙin mai na faɗuwa, Ulysse ya kashe injin jirgin ruwansa, ya naɗe komar jatan lande.

Ya zaro sandar gwajin mai, mai na nan cike. Ya leƙa ƙarƙashin inji, ko ɗigo babu.

"Sai dai a ja mu zuwa gari," ya ce wa matarsa Odalie. "Ba a wasa da gargaɗin inji."

Suna isa gaɓa ta ciro wayar da ta cire wa agogon man daga aljihunta.

"Ungo, Kaftin. Sau uku likitan zuciya na nemanka, kana cewa sai gobe. Ashe ka san gargaɗi? Shiga mota, ƙarfe biyu zai gan ka."