Kilo Biyun Tela

"Wata ne, Inna."

"Watan gidanku. Wata ne yake tashi da asuba yana surfa wake?"

Haka na iske su a bakin kasuwar hatsi, shi da tef ɗin awo a wuya, ita da matsamin ƙosai tana nuna shi kamar za ta tsamo shi daga cikin mai. Tunda kai ma, Yaya, ka iya yi wa na nesa godiya ka tsallake na kusa, zauna ka ji mafarin rigimar.

Wani tela ne, siriri kamar zaren da yake ɗinki da shi. Yayarsa ce ta raine shi, ita ce kuma take aiko masa da tuwo kullum har ya yi gemu. Sai ciwo ya kwantar da ita. Likita ya sa ranar aiki nan da mako shida, ya ce a kawo ɗan'uwa ya ba da jini. Tela ya tafi asibiti da tsakar rana, tun daga ƙofa yake naɗe hannun riga. Aka ɗora shi a sikeli, allura ta tsaya a kilo arba'in da takwas. Ma'aikaciyar ta dube shi ta saman tabarau, ta ce sai ya kai hamsin, don ba ta son a ɗebi jininsa a koma neman wanda zai ba shi. Ya dawo shago ya zauna. Dama tun da yayar ta kwanta ba abin da yake shiga cikinsa sai shayi da goro, yanzu ko shayin ya daina wucewa.

Da la'asar wani malamin kimiyya ya kawo wando a rage masa tsawo. Irin malaman nan ne da suke magana da ɗan yatsa a sama, kowa a wurinsu ɗan aji uku ne. Da ya ji labari sai ya gyara murya, ya ce ai nauyin mutum ma ba tsayayye ba ne. Ƙasa tana jan mu ƙasa, rana da wata kuma suna jan mu wajensu. In suna tsakiyar ka sai su ɗan ɗaga mutum ya yi sauƙi, in suna gefen sama, wajen fitowa ko faɗuwa, sai nauyinsa ya dawo cif. Ya ce abin ya fi ƙarfi a ƙarshen wata, lokacin da su biyun suke fitowa tare. Tela ya tofar da alluran bakinsa. Ashe da tsakar rana aka auna shi, rana ta riƙe masa kilo biyunsa! Ya miƙe ya fita yana hamdala. Malamin yana ta ɗaga yatsa yana cewa bambancin duka bai wuce nauyin ƙwayar gero ɗaya ba, amma wando kaɗai ya ji wannan.

Daga ranar, kullum hudowar rana tela yana gindin sikelin buhuna na kasuwar hatsi, yana jiran mai shi ya buɗe. A nan wata tsohuwa take suyar ƙosai da dankali, tana kuma sayar da koko. Kwana biyu tana kallon wuyansa yana yawo a cikin riga, ran na uku ta tambaya, ya zayyana mata komai, har da yatsan malam. Ta san irinsa: in ta ce ga sadaka, ba zai sake biyo hanyar ba. Sai ta ce harshenta ya tsufa, ba ta jin gishiri, ya taimaka ya ɗanɗana mata kaskon farko. Ya ci uku ya ce ya yi. Ta ce uku ba sa faɗin gaskiya, ya ƙara. Gobe ta ce kokon ne take shakka. Jibi ta ce dankalin kamar bai soyu ba. Ya zama ba a fara ciniki sai tela ya yanke hukunci, shi kuma ya ɗauki aikin da gaske, har yana ɓata fuska yana cewa yau albasa ta yi kaɗan. In ya gama sai ya suɗe hannu, ya cire takalmi, ya dubi gabas, ya hau sikeli. Allura ta matsa, ya ce wata ya fara sakin sa.

Ranar da wata ya ƙare ya koma da hudowar rana, allurar asibiti ta haura hamsin da kaɗan. Aka ɗebi jini, aka yi wa yayarsa aiki, ta tashi. Ranar da ta fara zama har ta yi masa faɗan rigar da bai goge ba, ya fita bayan ɗaki ya yi kuka.

To shi ne ya ɗinko wa tsohuwar atamfa, riga da zani, ya kawo mata. Ta fara murna, sai ya ce tukuicin rakiya ne, tunda ta taya shi zaman jiran wata. Nan matsami ya tashi. Mai sikeli, wanda ya ga abin tun daga farko, ya girgiza kai ya ce Hausawa sun riga sun gama magana: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tela ya ɗauki ƙosai ɗaya daga kwando, ya hura, ya ce, "To ita Inna, wa ya jawo ta gindin sikelin nan in ba wata ba?"